Me Mai Zanen Littafin Yara Yake Nema a Gona?

Maurice Sendak ya rasu a watan Mayun 2012 yana da shekara 83, bayan ya shafe shekara sittin yana zana littattafan yara a Amurka. Littafinsa da ya fi shahara, Where the Wild Things Are, ya fito a 1963, kuma har gobe ana sake buga shi. Shekara biyu kafin rasuwarsa ya tsiro da wani abu da bai yi wa shela ba. Duk shekara sai a zaɓo masu zane uku ko huɗu, a sauke su wata guda a wani gida kusa da nasa a garin Ridgefield na jihar Connecticut. Babu aji, babu jarrabawa, babu takardar shaida. Kowa da ɗakinsa da teburinsa, tsohon kuma yakan duba aikinsu ya faɗa musu gaskiya ko da ba daɗi. Da ya kwanta dama, gidauniyar da ke kula da gadonsa ta mayar da zaman zuwa wata gonarsa mai suna Scotch Hill, a garin Cambridge na jihar New York, dab da iyakar Vermont. Gonar kuwa a lokacin ana noma ta sosai, kayan lambun da ta bayar a kai wa rumbunan da ke raba wa marasa hali abinci.

Irin wannan tsari shi ne masaukin masu fasaha. Wani mai hali, ko wata gidauniya, sai ya tanadi wuri nesa da hayaniyar gari, ya ce wa marubuci ko mai zane ko mai tsara kiɗa ya zo ya zauna mako biyu, ko wata ɗaya, ko wata uku, ci da sha da makwanci duk a wuyan mai gida, shi dai baƙo ya yi aikinsa. Al'adar ta daɗe. Tun 1666 Faransa ta buɗe wa matasan masu zanenta gida a birnin Roma. A Amurka kuwa, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa shi ne MacDowell, wanda aka kafa a 1907 a gonar wani mai tsara kiɗa, Edward MacDowell, da matarsa Marian, a jihar New Hampshire. Abin da ya biyo baya shi ne ware irin wannan masauki domin masu littafin yara kaɗai, a kuma gwama shi da noma na gaske da alkinta muhalli. Ba za a gane dalilin wannan gwami ba sai an san yadda ake yin littafin yara mai hotuna, domin daga can buƙatar ta taso.

Ɗauki irin littafin nan ka ƙirga shafukansa. Galibi 32 za ka samu, kuma maɗaba'a ce ta yanke wannan hukunci. Ana buga shafuka da yawa a kan fallen takarda guda ƙato, gaba da baya, sannan a ninke shi. Ninki ɗaya ya ba da shafi huɗu, na biyu ya ba da takwas, na uku 16. In aka ɗinke ninki biyu masu 16, an sami 32. Wanda ya dage sai 35, to kuɗin 40 zai biya. A cikin 32 ɗin nan ma, shafin suna da na haƙƙin mallaka da na sadaukarwa sun cinye uku ko huɗu. Abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 14 ba, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. Kalmomin kuma ba kasafai suke kai 1,000 ba, da yawa ko 500 ba su cika ba.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan aikin mako guda ne. Ƙarancin wurin shi ne ya sa aikin ya yi wuya. Mai zane yakan fara da zayyana shafukan duka 'yan mitsi-mitsi a takarda ɗaya don ya ga tafiyar labarin gaba ɗaya. Daga nan sai ya yanka farar takarda, ya ninke ta ya yi littafin gwaji, ya manna rubutun a inda yake zato, ya zauna yana buɗawa yana karantawa a fili. Abin da yake aunawa shi ne inda shafi zai juya. Gwanar tatsuniya ta san gaɓar da za ta yi shiru har yara su matso suna tambayar abin da ya biyo baya, to a littafin hoto juya shafi ne wannan shirun. In kura za ta fito, ba a zana ta a shafin dama inda idon yaro zai riga kunnensa isa. A bayan shafi ake ɓoye ta, sai ɗan yatsansa ya tono ta da kansa. Jimla ɗaya in ta zauna a inda bai dace ba, sai a warware littafin gwajin a sake wani. Bayan an gama wannan ne za a shiga zanen gaske, inda yarinyar da ke shafi na 4 dole ta zama ita ce a shafi na 29, ko ta ba da baya, ko tana kuka, ko an hango ta daga nesa a cikin duhu. Zanen littafi guda yakan ci wata shida zuwa shekara, na wasu ya fi haka.

Ladan kuwa ba ya zuwa daidai da wahalar. Kamfanin ɗab'i yakan ba da kafin alƙalami kashi-kashi, wani ranar sa hannu, wani bayan an miƙa aiki. Kason ciniki bisa al'adar Amurka kashi 10 ne cikin 100 na farashin littafi mai kaurin bango, a raba shi biyu tsakanin marubuci da mai zane, kuma ba wanda zai ga sisi daga ciki sai cinikin ya biya kafin alƙalamin da aka riga aka ci. Shi ya sa mafi yawansu suke da wata sana'ar, koyarwa ko zanen talla, littafi kuwa sai dare ya yi yara sun kwanta. Ga kuma kaɗaici. Edita ne ke karɓar rubutu ya zaɓo wanda zai zana, har ya zama abu ne da aka saba a ga marubuci da mai zanen littafi ɗaya ba su taɓa haɗa ido ba. Wata guda da mutum zai tashi da safe ba abin da ke gabansa sai littafinsa, da dare kuma ya ci abinci da waɗanda suka san ciwon sana'ar, wani sai ya shekara goma bai samu ba.

Saura tambayar gona. Dalili na farko na aljihu ne, kuma akwai baƙin ciki a cikinsa. A 1970 gonakin da ke da shanun tatsa a Amurka sun kusa 650,000. A 'yan shekarun nan, masu lasisin sayar da madara ba su kai 30,000 ba. Manyan gonaki masu dubban shanu suka mamaye kasuwa, mai saniya arba'in ya kasa mayar da kuɗin abincinsu, 'ya'yansa suka tafi birni. Abin da aka bari a tuddan jihar New York da Vermont da Wisconsin shi ne ƙattin ɗakunan shanu na katako masu dogon rufi, da fili mai araha, wasu tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan daga birnin New York inda manyan kamfanonin ɗab'i suke. Ɗakin da ya ɗauki shanu da ingiricinsu na tsawon hunturu zai ɗauki tebura da laburare da ɗakunan kwana ba tare da an yi sabon gini ba.

Dalili na biyu shi ne ido, kuma a ganina shi ne babba. Da yawa daga mutanen da ke cikin littattafan yara ba mutane ba ne, agwagi ne da zomaye da ɓeraye da tumaki. Yaro kuma ba ya yafe zanen ƙarya. Robert McCloskey, lokacin da yake aikin littafinsa na 'yan agwagi da ya fito a 1941, ya ga cewa zane daga hoto da gawar tsuntsu ta gidan tarihi ba zai kai shi ba. Sai ya sayo agwagi masu rai ya zuba su a ɗakinsa na haya a tsakiyar birnin New York, ya riƙa bin su da rarrafe da takarda a hannu, ya sa su a bahon wanka don ya ga yadda ƙafa take tuƙi a ƙarƙashin ruwa. Littafin ya ci lambar Caldecott a 1942, wadda ita ce babbar lambar yabo ta zanen littafin yara a ƙasar. E. B. White ma, kafin ya rubuta Charlotte's Web da ya fito a 1952, ya daɗe yana nazarin gizo-gizo da saƙarsa a gonarsa ta jihar Maine.

Wadda ta riga su haɗa littafin yara da riƙon ƙasa ita ce Beatrix Potter ta Ingila. Littafinta na zomo ya fito daga kamfanin Frederick Warne a 1902. A 1905 ta haɗa ribarsa da wani ɗan gado ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey, kuma duk wanda ya je wurin yau zai gane ƙofa da lambu da hanyar ƙauyen da ta zana a littattafanta na baya. Ba ta tsaya nan ba. Ta zama makiyayiya ta gaske, ta riƙe tumakin Herdwick masu jure sanyin duwatsu, duk gonar da ta ji za a sayar wa masu gine-gine sai ta saye. Da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar National Trust fili fiye da eka 4,000 da gonaki fiye da goma, bisa sharaɗin a ci gaba da noma su da kiwo a cikinsu. Kuɗin 'yan littattafai masu shiga aljihu ne suka tsare wannan ƙasa.

Akwai kuma alamar cewa idon nan yana dusashewa. Wasu masana zamantakewa a Amurka, ƙarƙashin J. Allen Williams, sun bi littattafai 296 da suka sami lambar Caldecott ko yabonta daga 1938 zuwa 2008, suka duba hotuna kusan 8,000. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna cewa daji da dabbobi suna ta raguwa a cikin hotunan, gine-gine da cikin ɗaki suna ƙaruwa. Ba abin mamaki ba ne. Mai zanen da ya tashi a bene ya yi karatu a bene, abin da ya sani shi hannunsa zai fitar.

Yadda ake tafiyar da zaman ya bambanta, kuma bambancin yana kan abu ɗaya, wato ko baƙo zai taɓa ƙasa ko kallonta kawai zai yi. A MacDowell kowa yana da ɗakin aikinsa a cikin kurmi, da rana a ajiye masa kwandon abinci a bakin ƙofa, kuma doka ce ba mai zuwa ɗakin wani sai an gayyace shi. A Hedgebrook, wanda Nancy Nordhoff ta kafa a 1988 a wata tsohuwar gona a tsibirin Whidbey na jihar Washington, mata marubuta shida ne a lokaci guda, kowace da ɗan gidanta da murhun itace, da maraice su haɗu a tebur ɗaya su ci abin da lambun gidan ya bayar. A waɗannan wurare baƙo sarki ne. Wormfarm ta jihar Wisconsin kuwa, wadda Donna Neuwirth da Jay Salinas suka kafa bayan sun baro Chicago, sharaɗinta daban. Baƙo zai sami makwanci da wurin aiki da abinci daga lambu, shi kuma ya biya da guminsa, kusan sa'o'i 15 a mako yana dashe da cire ciyawa da girbi. Can damina ba ruwa ne ke ƙayyade ta ba, sanyi ne, don haka daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba ake karɓar baƙi, lokacin da ƙasa ta saki daga ƙanƙara.

Ni na fi yarda da tsarin Wormfarm ga mai littafin yara. Wanda ya durƙusa ya tumɓuke ciyawa ya san yadda saiwa take, ya ga tana tana shiga ƙasa, ya san cewa kabewa ba ta girma cikin kwana uku kamar yadda wasu littattafai suke nunawa. Amma kada a yaudari kai game da amfanin aikinsa ga gonar. Baƙon da bai taɓa riƙe fartanya ba, a makon farko ɓarnarsa ta fi gyaransa, kuma lokacin da manomi ya ɓata yana nuna masa bambancin shuka da ciyawa lokaci ne da aka cire daga noma. Gonar da ta dogara da irin waɗannan hannaye kaɗai ba za ta kai kaka ba. Wuraren da suka daɗe duk suna da manomi na dindindin wanda noman ne sana'arsa.

Masaukin da aka gina musamman domin mutanen littafin yara shi ne Milkwood, a tuddan Catskill na jihar New York. Mai shi Sophie Blackall ce, haifaffiyar Ostireliya, wadda ta ci lambar Caldecott sau biyu, a 2016 da 2019. Tsohuwar gonar shanu ta saya ta gyara ɗakin shanun ya zama masauki, kuma ba marubuta da masu zane kaɗai take saukewa ba, har da editoci da malamai da ma'aikatan laburare, wato duk hannayen da littafi ke bi kafin ya isa ga yaro. A cikin filin akwai tsohon gidan masu gonar, rufi ya rufta, ƙasa ta ruɓe, ba yadda za a yi a cece shi. Iyali ne masu 'ya'ya 12 suka tashi a ciki. Kafin a rushe shi ta shiga tana tono, ta kwaso yagaggiyar takardar ado ta jikin bango, da littattafan makarantar yaran, da riguna ɗinkin hannu da suka dafe da laka, da guntayen labule. Ta wanke, ta shanya, ta yanka, ta manna su a cikin zanenta. Rigar da ke jikin yarinyar cikin hoton, daga ƙyallen rigar gidan aka yanko ta. Littafin, mai suna Farmhouse, ya fito a 2022, kuma ba zai yiwu a yi shi a wani wuri ba sai a wannan gonar.

Maganar ɗorewa, wadda kusan kowane masauki yake rubutawa a takardarsa, tana buƙatar a tsefe ta. A gona ma'anarta a fili take. Ɓawon kayan miya da ragowar abinci su koma taki, takin ya koma lambu, lambun ya ciyar da teburin. A riƙa juya shuka, inda aka sa masara bana a sa dangin wake baɗi don ƙasa ta farfaɗo. Kada a bar fili tsirara lokacin hunturu, a shuka masa abin da zai rufe shi. A gini kuma, gyara tsoho ya fi rushewa a yi sabo, domin katakon da aka sare shekara ɗari da suka wuce ba ya buƙatar a sare wani. Duk wannan yana da kyau, sai dai ƙaramin ɓangare ne na lissafin. Babban nauyin littafin yara a kan muhalli yana cikin takardarsa. Littattafai masu launi da yawa a ƙasar Sin ake buga su a yo jigilarsu ta teku. A 2010 ƙungiyar Rainforest Action Network ta kai littattafan yara 30 ɗakin gwaji, aka sami fiye da rabinsu ɗauke da ɓurɓushin itacen da ke da alaƙa da sare kurmin Indunisiya. Bayan haka manyan kamfanoni da dama suka sauya ƙa'idar sayen takarda, tambarin FSC mai nuna cewa daga dajin da ake kula da shi aka samo itacen ya yawaita a bayan littattafai. Mai zanen da ya yi wata guda yana juya taki, sannan bai tambayi editansa inda takardar littafinsa ta fito ba, ya yi rabin aiki.

Akwai kuma wani tarko da nake tsoro. Da an ce gona da muhalli da yara, sai a fara fitar da littattafan wa'azi, kowane shafi yana nuna wa yaro yatsa, kada ka zubar da leda, kada ka sare itace. Yara suna gane irin wannan tun daga bango, su ajiye. Sendak ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da littafin da ke raina hankalin yaro, yana mai ganin cewa yaro ya san tsoro da fushi da kishi, kuma ya cancanci a gaya masa gaskiya. Abin da gona za ta ba mai zane shi ne sanin kaza guda ɗaya, da yadda take karkata kai in shaho ya gifta. Yaron da ya so wannan kazar a littafi ba sai an yi masa huɗuba a shafin ƙarshe ba.

Ɗorewar da aka fi mantawa ita ce ta gidan kansa. Ciyar da baƙi da ɗumama ɗaki da biyan mai dafa abinci da manomi kuɗi ne, masauki kuma ba ya sayar da komai. Wasu suna da dukiyar da aka ajiye ana cin ribarta, abin da mu za mu kira wakafi, sai a haɗa da gudummawar masu hali, shi ya sa baƙon MacDowell ba ya biyan ko kwabo. Na Sendak daga abin da ya bari ake ɗaukar nauyinsa. Wasu kuma, irin gidauniyar Highlights da aka kafa a 1985 take kuma sauke baƙi a tsohon gidan waɗanda suka kafa mujallar yara ta Highlights a jihar Pennsylvania, suna karɓar kuɗi daga mai iya biya, su ware guraben tallafi ga wanda ba shi da shi. Wahalar ita ce masu ba da tallafi suna son su ga sakamako a ƙarshen shekara, wannan aiki kuwa ba ya nuna kansa da wuri. Doug Salati yana cikin waɗanda aka sauke da sunan Sendak a 2015. Sai a 2023 ya ci lambar Caldecott da littafinsa na wani kare da zafin birni ya isa. Shekara takwas ke nan, kuma ba mai iya auna ko nawa ne rabon wancan watan a cikin nasarar.

Sai kuma tambayar wa ke iya zuwa. Uwa mai goyo, ko malamin da ba za a ba shi hutun wata guda ba, ko wanda kuɗin hayarsa ke jiran aikin wannan makon, duk ba sa iya rufe ƙofa su tafi ko da zaman kyauta ne. Masaukin da bai ba da kuɗin mota da na guzuri ba, a ƙarshe masu hali kaɗai zai tara. Haka nan maƙwabta. In mutanen ƙauyen ba su da wata alaƙa da wurin sai a zana su a tafi, an mayar da su kayan kallo.

A nan wasu masaukai na Afirka sun fi na Amurka tunani. Thread, wanda gidauniyar Josef da Anni Albers ta buɗe a 2015 a ƙauyen Sinthian na gabashin Senegal, magina na wurin ne suka gina shi da tubalin ƙasa da gora da ciyawa bisa zanen Toshiko Mori. An lanƙwasa rufin yadda ruwan damina zai gangara cikin tafkunan ajiya, da rani a yi lambu da shi. Baƙi biyu ko uku ne a ciki, amma zauren na gari ne, a nan ake taro da karatu. A Najeriya, Yinka Shonibare ya buɗe masaukin G.A.S. a 2022, reshe ɗaya a Legas, ɗaya a gona mai eka 54 kusa da Ijebu Ode a jihar Ogun, inda aka yi ginin da tubalin ƙasar wurin, ake kuma sauke masu zane tare da masana noma. Ebedi kuma, wanda Wale Okediran ya kafa a Iseyin ta jihar Oyo a 2010, yana sauke marubuta, su kuma su ware wasu sa'o'i suna koyar da ɗaliban sakandaren garin.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1936 aka ɗauke Abubakar Imam daga aji a Makarantar Midil ta Katsina, aka kai shi ofishin talifi na Zariya wurin Rupert East, aka sauke masa nauyin koyarwa na wata shida, aka tara masa littattafai aka ce ya rubuta. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, wanda kusan shekara casa'in ke nan yara suna karantawa. Wata shida na natsuwa aka ba malami ɗaya.

Inda muka fi rauni yau shi ne hoto. Shiga kantin littattafai a Kano ko Maraɗi ka duba abin da ake sayar wa ɗan shekara biyar. Tuffa ce da dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na wata nahiya, ko kuma hotunan da aka kwaso daga intanet aka manna. Kanya da ɗinya da magarya da goruba ba su da mai zana su. Gawo kuwa, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ya yi kore, ya bar wa gero rana da taki, sannan ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe, labari ne cikakke tun kafin a ƙara masa kalma. Mai zanen da bai taɓa kwana a gona ba zai lulluɓe shi da ganye a tsakiyar watan Agusta, ɗan manomi kuma zai gane kuskuren nan take. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonakinsu, suka riƙa sassabe shi suna barin reshe mai ƙarfi ya tashi, har aka ƙiyasta cewa sun maido da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Duniya ta yi ta rubutu a kan wannan. Jikokin waɗanda suka yi aikin sun cancanci su gan shi a littafi da harshensu, da fuskokin da suka yi kama da na kakanninsu.

Gaskiya ne akwai gonakin da yau ko mai su ba ya iya kwana a ciki saboda rashin tsaro, kuma ba wanda zai kai baƙo irin wannan wuri. Amma ba duka aka rasa ba. A Zariya, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello maƙwabtan juna ne, ɗaya da gonakin gwaji, ɗaya da matasan da hannunsu ya faɗa. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: ɗaki biyu, tebur mai faɗi, fenti da takarda, marubuciya ɗaya da mai zane ɗaya, wata guda a tsakiyar damina, kuɗin da za su bar wa iyali, da alkawarin maɗaba'a tun kafin su sauka. Mai gona da ke da ɗakin baƙi, da mai kamfanin ɗab'i, da attajirin da ke neman inda zai sa wakafi, ku haɗa kai ku gwada da mutum biyu a damina mai zuwa.